Yadda Na Koya wa Mutanen Kalgo Jamusanci

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da zangon karatun da na zama malamin Jamusanci a Kalgo ba. Ni da a lokacin iyakar tafiyata Sakkwato, ban taɓa ganin Bajamushe ko a hoto ba. Har yau in na tuna sai in ji gumi ya tsatso mini a ƙeya.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 ne, muna cikin Jihar Sakkwato tukuna. Na fito daga kwalejin horon malamai ke nan aka tura ni wata firamare a Kalgo. Ni mutumin Gwandu ne, amma yayata Habi tana aure a can, saboda haka ban sha wahalar masauki ba, aka share mini ɗakin da ke jikin zaure. Mijinta Malam Bawa manomin shinkafa ne a fadama, in ruwa ya ja kuma ya taɓa su, wato kamun kifi. Bakinsa ba ya hutawa, kuma da yake ni ƙanen matarsa ne akwai wasa tsakaninmu, ya sami lasisin yi mini tsiya safe da yamma. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai "Ticha", kuma yadda yake jan kalmar kai ma ka san ba girmamawa ba ce.

Ɗansu na fari, Manu, yana aji biyu, wato ajina. Yaron bai yi magana da wuri ba, da ta zo kuma sai ta zo guntu-guntu. In ka ce masa ya kai wa kakarsa goro, ya biya maƙwabta ya karɓo rariya, ya rufe ƙofar awaki in ya dawo, sai ya kai goron ya dawo ya tsaya yana kallonka, sauran saƙon ya zube a hanya. Ba kurma ba ne, don yana jin ƙararrawar keken mai alawa tun kafin ya shigo unguwa. A makaranta malamai sun riga sun gama shari'arsa, sun ce daƙiƙi ne. Ina son yaron ƙwarai, amma duk sa'ad da wani malami ya ce mini "ɗan yayarka ɗin nan fa", sai in yi kamar ina neman wani abu a aljihu.

Wata rana muna cin tuwo bayan magariba, Malam Bawa ya suɗe hannu ya ce, "Ticha, yaron ga ba shi da kan boko. In anka yi hutu wanga karo, ya gama. Hwadama na son mai korar tsuntsaye, shi ko wanga aiki ba ya son dogon bayani."

Yaya Habi tana jinmu daga cikin gida. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya gaban miji tana kare shi. Sai da safe, ina fitar da kekena, ta tare ni a bakin zaure ta yi ƙasa da murya.

"Auta, ka san ba ni iya magana kan yaron ga gaban ubanai. Amma ni na san shina ji. Don Allah ka yi wani abu, kai ka yi boko."

Idonta ya cika da hawaye, abin ya taɓa ni. Na bugi ƙirji na ce ta bar komai a hannuna, Manu ba zai bar makaranta ba. Ban da wata dabara ko ta sisin kwabo, baki ne kawai.

Sai Allah ya kawo wani kwas na 'yan kwanaki a Sakkwato, a kan yaran da magana ke yi wa wuya. Aka tura ni (ba don hazaƙata ba, manyan malamai duk suna fama da gonakinsu). Mai koyarwar wani ɗan siririn mutum ne mai sanyin murya, kowa Dakta yake ce masa. A rana ta ƙarshe da safe ya kawo wata dabara da ta burge ni. Ya ce ka ƙirƙiro kalmar da babu ita a kowane yare, ka faɗa wa yaro ka ce ya maimaita, ka fara da gajera ka tafi zuwa doguwa. Dalilin ƙirƙirar shi ne kada yaro ya jingina da abin da ya saba ji a gida, don ka ga yadda kansa ke riƙe sabon sauti. Ya ce sau da yawa yaron da ke zubar da gaɓoɓin irin wannan kalma shi ne wanda doguwar magana ke ɓace wa, tunda kowace kalma baƙuwa ce ranar da yaro ya fara jin ta. Ina jin haka na ce a raina ai Manu ake nufi.

"Bayan azahar," in ji Dakta, "za mu ga yadda ake gwada fahimtar ita kanta, da abin da malami zai yi wa yaron in ya gano shi."

To, da azahar ɗin aka ba mu tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu. Na ci na masu gida, na koma na zauna a bencin baya ƙarƙashin fanka. Abin da na sani kawai shi ne na farka na tarar ana tafi. Ni ma na tafa, har na fi kowa.

Na dawo Kalgo ina tafiya kamar likita. Na zauna gindin bishiyar dogon yaro na ƙera kalmomina, ina ɗanɗana su a baki: bulkatema, zirfanoko, shantabilo, kwardumfasa. Wallahi sai da na ji ina alfahari da su. Na tabbata Dakta ya ce a gwada yaro shi kaɗai, a natse. Amma mu hanyar koyarwa guda muka sani tun daga kakanninmu na boko, malami ya kwarma, aji ya kwarma. Ga shi kuma ba na son a ce na ware ɗan yayata. Saboda haka washegari na tsaya gaban aji biyu na ɗaga sanda.

"Ku ce bulkatema!"

"BULKATEMA!"

"Zirfanoko!"

"ZIRFANOKO!"

Kwanon rufin ajin har rawa yake yi. Yaran sun ji daɗi ba kaɗan ba, don ya fi musu lissafi. A cikin wannan hargowa kuwa, ko aljani ba zai gane wanda ya iya da wanda ya kasa ba. Ina cikin ɗaga sanda sai na ga inuwa ta rufe taga. Hedimasta ne.

Bari in gaya muku wane ne shi. Ƙaton mutum ne da ya kusa ritaya, tabarau a kan karan hanci, kuma tunda nake ban taɓa jin ya ce "ban sani ba". Mu sababbin malamai 'yan bana-bakwai yake ce mana. Ya taɓa yi mini alkawari cewa ranar da ya kama ni ina wasa da lokacin gwamnati, zai sa a tura ni ƙauyen da sai da kwalekwale ake shigarsa.

"Malam," ya ce, "wane yare ne wannan?"

Amsar gaskiya gajera ce: ranka ya daɗe, ni na ƙirƙira. Amma ku duba halin da nake ciki. Na kwana biyu ina cika baki a ɗakin malamai cewa na kwaso ilmi mai zurfi, yanzu kuma in ce shirme nake sa 'ya'yan mutane suna kwarmawa da safiyar Allah? Kaina ya shiga lissafi da gudu. Larabci ba ya cikin magana, wanda ya yi ƙaryar Larabci a ƙasar Gwandu asirinsa zai tonu kafin la'asar. Faransanci, ga Nijar nan kusa, fatake na shigowa kowace kasuwa. Turanci kuwa ya fi ni iyawa. Fulatanci da Zabarmanci akwai masu jin su a cikin ajin ma. Sai na tuna wata ƙasa da muke jin sunanta a rediyo, wadda na tabbata ba ɗan Kalgo da ya taɓa taka ta.

"Jamusanci ne, ranka ya daɗe. A wajen kwas aka ɗan koya mana."

Ya lumshe ido ya karkatar da kai, ya ce a sake maimaitawa. Yara suka sake. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na dai ce. Tun daga ofis na ji kamar Jamusanci. Akwai wannan nauyin harshe nasu. Me bulkatema take nufi ma? Ta ɗan kwanta mini."

Na ce barka da zuwa. Zirfanoko fa? Na ce mun gode. Sauran ma na raba musu ma'ana nan take, yadda ake raba wa yara ƙosai. Na zaci an wuce wurin.

Ashe an fara ke nan. Kafin a tashi ya tara malamai ya sanar cewa makarantarmu ce ta farko a duk yankin da ta fara Jamusanci, kuma ranar rabon kyaututtuka a ƙarshen zango duk makaranta za ta yi waƙa da shi gaban manyan baƙi. Kalma huɗu ba ta isa waƙa, saboda haka na koma gindin dogon yaro na ƙero wasu. Malamin motsa jiki ya sa musu kari mai daɗi. Kullum da safe sai in hau matakalar ofis, makaranta gaba ɗaya na amsa mini. Matsalar kawai ita ce ni mai ƙirƙirar ina manta ma'anar da na ba kowace kalma, su kuwa yara ba sa mantawa.

Kafin a ce me, waƙa ta fita gari. 'Yan mata masu tallan fura suna rera ta, mata suna daka da ita. Mai shayin bakin tasha in ya hango ni sai ya ɗaga ludayi ya ce, "Bulkatema, Malam!" Shugaban ƙungiyar iyayen yara, dattijo mai furfura, ya ja ni gefe ya tambaye ni yadda ake cewa ina gajiya da Jamusanci, na ba shi wata sabuwa fil, ya tafi yana bita. (Kada ku ce ina cikin damuwa a lokacin. Daɗi nake ji. Har na fara tafiya da hannuwa a baya.)

Mutum guda ne abin bai karɓa ba. In na dawo gida sai in tarar da Manu a bakin zaure yana fama shi kaɗai.

"Bulka... ma. Zir... ko."

Kan kalmar da wutsiyarta yake kamawa, tsakiyar ta faɗi. In ya gaji sai ya ɗago ya ce, "Kawu, ina shi?" Wato in nuna masa abin da ake kira bulkatema ya gani da idonsa. Sai in ce masa ba abu ba ne, magana ce kawai, ya ƙara ƙoƙari. Akwai wasu yara kaɗan irinsa a makarantar, kuma na lura su ne dai waɗanda in ka yi musu dogon umarni sai su tsaya suna kallon bakinka. Hedimasta ya tattara su ya kai layin baya ya ce su riƙa motsa baki kawai. Ga sakamakon gwajina a gabana ƙiri-ƙiri, amma abin da ake yi da shi yana cikin ɓangaren da na yi barci.

Malam Bawa kuwa ya sami hujjar da ba ta da ɗaukaka ƙara.

"Ticha, ɗiyan mahauta na yin Jamusanci. Ɗiyan da ba su taɓa shiga aji ba na yi. Wanga da ke kwana gida guda da mai Jamusancin ya kasa. To mi ya rage? Ranar bikin naku ni da kaina zan zo in tahi da abuna."

Yaya Habi ta ajiye mini ruwa ba ta dube ni ba. Na ɗauko dabara don in ceci yaro, ga shi da ita za a kore shi. Na yi niyyar in faɗi gaskiya, wallahi na yi. Sai na ce bari dai a gama biki tukuna, kada in ɓata wa makaranta shiri.

Ranar biki aka kafa rumfa, aka jera bencina, aka aro lasifika. Wakilin hakimi ya zo, mutanen ofishin ilmi sun zo, iyaye sun cika fili. Na sa farar shaddata guda ɗaya tilo. Can baya na hango Malam Bawa tsaye, ƙafafunsa da taɓon fadama, ko zama bai yi ba don ba daɗewa ya zo yi ba. Sai hedimasta ya dafa kafaɗata yana murmushi, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam, na yi maka abin da ba ka zata ba. Da na je Sakkwato na nemi malamin naku na kwas. Na ce masa ya zo ya ga abin da ya shuka. Ban gaya masa komai ba, so nake ya ji da kunnensa."

Bai rufe baki ba wata tsohuwar mota ta tsaya bakin fili, Dakta ya fito yana gyara hula. Na waiga inda nake jingine kekena, ina auna tafiyar Gwandu, sai na tuna an are shi an tafi ɗauko batirin lasifika.

Hedimasta ya karɓi abin magana ya buɗe hannuwa.

"Dakta, bulkatema! Bulkatema ƙwarai da gaske!"

Dakta ya waiga bayansa ya ga ko da wani ake. Bai ga kowa ba, sai ya yi murmushi ya zauna. Yara suka jeru suka saki waƙa. Gaskiya ta yi daɗi, ba don ni na yi ta ba. Iyaye mata na guɗa, wakilin hakimi na kaɗa ƙafa, shugaban iyayen yara na bi a hankali don a san shi ma ya iya. A layin baya Manu na motsa baki, idonsa na kan babansa.

Da aka gama tafi, hedimasta ya roƙi babban baƙo ya mayar wa yara da jawabi cikin Jamusanci. "Ko kaɗan ne, Dakta. Mu ma nan muna ɗan taɓawa."

Dakta ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya Jamusanci ba."

Fili ya ɗauki dariya, aka ce kai, masu ilmi da tawali'u suke. Ya jira aka lafa, ya ce waƙar ta burge shi, yana son ya ji fassararta, wa ya koya musu? Duk yatsun da ke Kalgo suka nuna ni.

Ban san yadda na isa gaban rumfar ba. Na riƙe abin magana da hannu biyu. Layin farko ya tafi lafiya, barka da zuwa, mun gode. Daga nan hanya ta ɓace mini.

"Shantabilo," na ce, "wato... ilmi haske ne."

"A'a Malam!" makaranta gaba ɗaya ta amsa. "Shantabilo iyayenmu ne!"

Na yi gyaran murya na ce eh, haka ne a Jamusancin arewa, amma a na kudu ilmi ne. Wasu dattawa suka gyaɗa kai, abin ya yi musu ma'ana. Na matsa gaba na ce kwardumfasa ƙasarmu ce. Wannan karon hedimasta da kansa ya miƙo kai ya ce, "Malam, sai wata rana take nufi." Shi ma ya fi ni haddacewa.

Na saci kallon Dakta, na ga kafaɗunsa na rawa, ya toshe baki da hankici. Ya taso ya matso kusa da ni ya yi magana ƙasa-ƙasa don ya rufa mini asiri. Bawan Allah ya yi iya nasa. Ni ne dai na manta abin maganar yana hannuna, daidai tsakanin bakinsa da nawa.

"Malam, ba kai ne kake zama baya wajen fanka ba? Waɗannan ba kalmomin gwaji ba ne, irin waɗanda na ce a ƙirƙiro?"

Lasifika ta ɗauki maganar ta kai har bakin kasuwa.

"Su ne, Dakta."

"Wato ba su da ma'ana?"

"Ba su da."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Wurin ya yi tsit, har ana jin kukan akuya a wata unguwa. Sai wata dariya ta fashe daga can baya, irin wadda mutum ke riƙe ciki yana dukan cinya. Ba sai na waiga ba, na san muryar mijin yayata. Daga nan fili ya rikice. Shugaban iyayen yara, wanda ɗazu ya gaisa da wakilin hakimi da Jamusancina, ya ja hularsa ya rufe goshi. Hedimasta ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce wa na kusa da shi da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ni dama tun farko na ji lafazin bai zauna ba." Ni kuwa ina tsaye cikin farar shadda, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Dakta ya karɓi abin maganar daga hannuna (ya makara) ya ce wa jama'a dabarar ta gaskiya ce, mai ita ne ya bi da ita ta wata hanya. Ya ce ba a yin ta don a ga waɗanda suka iya, ana yin ta ne don a gano waɗanda suka kasa a taimake su. Ya tambaya ko akwai irinsu.

"Nawa na nan!" Malam Bawa ya ɗaga hannu daga baya. Dariyar ta bar fuskarsa. "Shi ne sarkin kasawa. Yau ma na zo tahiya da shi."

Dakta ya jira sai da aka watse. Sannan ya kama hannun Manu suka shiga wani aji da ba kowa, ya ce uban ya biyo su. Ni na tsaya bakin ƙofa, ba wanda ya ce in shiga, ba wanda ya ce in tafi. Ya zauna a benci daidai tsayin yaron, ya faɗi wata gajerar kalma tasa ta ƙirƙira, Manu ya maimaita daidai. Ya faɗi doguwa, tsakiyar ta faɗi kamar kullum. Sai ya bar wannan.

"Ɗauko alli." Manu ya ɗauko. "Sa shi kan tebur." Ya sa. "Buɗe taga." Ya buɗe.

Sai ya haɗa masa a numfashi guda: "Kafin ka rufe taga, ɗauki allin da ke kan tebur ka ba babanka." Manu ya je ya rufe taga ya tsaya, ya dubi Dakta, ya dubi uban, idonsa ya kawo ruwa. Malam Bawa ya buɗe baki zai ce ka gani ko, Dakta ya ɗaga masa hannu. Ya sake faɗin maganar gunduwa-gunduwa, yana nuna kowane abu, yana jira a gama ɗaya kafin ya kawo na gaba. Yaron ya yi duka, bai kuskure ko ɗaya ba, har ya miƙa wa uban allin da hannu biyu.

"Malam Bawa," in ji Dakta, "yaronka yana da kai. Magana ce in ta yi tsawo ko ta zo sabuwa, tsakiyarta ke zube masa kafin ya riƙe. Abin da ya hana shi waƙar nan shi ne yake ɓatar masa da aike, ciwo ɗaya ne. Ba zan ce maka gobe zai warke ba. Amma in aka zaunar da shi gaba, aka gajarta masa, aka nuna masa, aka jira shi, zai yi karatu. A hankali, amma zai yi."

"To su waɗanda sunka iya waƙar fa?"

"Sun riƙe sauti, madalla da su. Ko sun fahimta, wannan waƙar ba za ta gaya mana ba, tunda ba abin fahimta a cikinta."

Malam Bawa ya jujjuya allin a hannunsa. Ya nuna ni da haɓa.

"Wanga bayani duka, ba a yi ma Ticha shi can ba?"

Dakta ya dube ni da tausayi, amma mutum ne da ba ya ƙarya.

"An yi. Bayan azahar."

Da yamma na lallaɓo gida ta bayan gari don kada in bi ta gaban mai shayi. Na tarar da Malam Bawa zaune a zaure, Manu na gefensa. Na san Yaya Habi na bayan ƙofa, don ina ganin gefen zanenta. Na zauna ina jiran tsiya, amma bai yi ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Na yi tunani," ya ce. "Yaron da laihinsa shi ne ya kasa hardace ƙaryar kawunai, ban ga dalilin hidda shi ba. In anka koma hutu, shina komawa."

Na buɗe baki zan yi godiya, har na fara tsara yadda zan ce ai dama dabarata ce ta jawo Dakta garin.

"Amma da sharaɗi guda," ya ce. "A sauya mai aji. Kowane malami na yarda, ban da kai."

Na juya wajen ƙofa, don na san akwai mai tsaya mini, ciki ɗaya muka fito. Sai muryar Yaya Habi ta fito a hankali.

"Haka ya kamata."

Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da tsada. In yaro ya kasa maimaita maganarka, ka gajarta ta ka sake gwadawa kafin ka sa masa suna. In kuwa babban mutum ya maimaita ta tsaf yana lumshe ido yana gyaɗa kai, to ka tambaye shi me ya ji, ko da hedimasta ne, ko da kai ne da kanka. Manu ya gama firamare, ya iya karatu da rubutu, a hankali kamar yadda aka faɗa. Duk a hannun wasu malaman.